Na Hau Duwatsun Abuja, Na Sauko da Dutse a Kafaɗa

Litinin: Agege zuwa Kubwa

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na kulle ɗakina a Agege, na miƙa wa maƙwabcina Malam Isa mukullin ta taga, na fita da jaka ɗaya da sandata. Ku da muke zama a bakin masallaci kun san abin da ya tashe ni, amma bari in faɗa saboda wanda bai sani ba. Ɗana Nasiru yana cikin ma'aikatan da ake ta kwasa daga Legas zuwa sabon babban birni, an kuma ba shi gida a Kubwa. Motar da za ta ɗauko ragowar kayansa za ta tashi daga Legas ƙarshen wata. Yana son ranar Juma'a in ba shi amsa, ko a loda nawa kayan a ciki in koma wurinsa, ko kuwa ina nan zaune. Shekarata talatin da ɗaya a Agege, kuma kabarin mahaifiyarsa Hajara tafiyar minti goma ne daga ƙofata. Na ce masa ni ba na yanke wa gari hukunci sai na hau wuri mai tsayi na dube shi daga sama.

Wannan ɗabi'a ta samo asali ne daga inda aka haife ni. Ni mutumin Haɗeja ne, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma, tudun da ya fi kowane tsayi a unguwarmu kuwa juji ne. Ina da shekara goma sha biyu na fara ganin Dala, tun daga ranar ban sake wuce dutse ban yi sha'awar hawansa ba. Aikin jirgin ƙasa da fataucin goro sun kai ni wurare, na hau Olumo a Abekuta, na hau duwatsun Jos da na Ngaundare da na bayan Agadas, na kuma hau Jabal Nur da ƙafata lokacin ina da sauran gwiwa.

A tashar Ojota na yi sallar asuba. Na sami fijo mai cin mutum bakwai, naira ɗari biyu kujera, muka tashi ƙarfe shida saura minti ashirin. Biyar daga cikinmu ma'aikatan gwamnati ne. Na kusa da ni ya rungume tafireta a cinya tun daga Legas, ya ce in ta ɓata a hanya shi za a tambaya. Direban Bayarabe ne, sunansa Lasisi, ƙafarsa ba ta san birki ba. Kafin Badun na yi masa magana da Yarabanci cewa ya sassauta, ya leƙo ni ta madubi ya ce duk wanda ya ɗauka zuwa Abuja sauri yake yi, ban da ni.

Na ce, “Ni ba a kira ni aiki ba.”

Ya ce, “To me za ka je yi, Baba?”

Na ce zan je in hau dutse. Aka yi dariya a motar, ban kuwa gyara musu ba.

Badun ƙarfe bakwai da minti ashirin, kilomita ɗari da talatin. Akure goma da rabi, inda muka ci sakwara da miyar agushi, naira goma sha biyu kwano. Okene ƙarfe ɗaya. Lakwaja biyu da kwata, muka yi azahar, na sayi soyayyen kifi ina ci ina kallon dutsen Patti da ya tsaya a kan garin, raina yana cewa in sauka. Shingen jami'an tsaro goma sha ɗaya na ƙirga daga Legas zuwa gadar Kwara, a kowanne sai mai tafireta ya fito da takardar da ta ba shi izinin ɗaukarta.

Bayan Abaji ƙasa ta buɗe. Damina ta fara, ciyawa ta yi kore, sai ka yi tafiya mai nisa a fili, can sai dutse guda ya taso shi kaɗai, baƙi, sumul, kamar an ajiye shi an manta. A Sheda, ƙarfe biyar daidai, muka wuce wani dogon shinge da aka ce wurin binciken kimiyya za a yi. Daga bakinsa mata shida suna tafe a jere da itace, kowacce ta ɗora nata a ƙatuwar ƙwarya bisa kafaɗa, kai a sake. Mai tafireta ya ce mutanen ƙasar ne, waɗanda muke kira Gwari, su kuma suke kiran kansu Gbagyi. Ya ce ba sa ɗora kaya a ka, wai kai yana ɗauke da tunani, nauyinsa ya ishe shi. Na fito da ɗan littafina na rubuta, yadda na saba rubuta irin waɗannan abubuwa.

Muka bi hanyar filin jirgi, muka wuce ƙauyen Kuchigoro, muka sauka a Wuse shida da kwata. Nasiru yana jira. Kilomita ashirin da biyar zuwa Kubwa. Gidan nasa a hawa na biyu yake, ɗaki biyu da falo, matarsa Bilkisu ta gyara mini ɗaya har da sabon labule. Bayan mun ci tuwo na tambaye shi inda za a ajiye turmin uwarsa in na zo. Turmin da ta yi shekara talatin tana daka fura a ciki nake nufi, wanda muka taho da shi daga Haɗeja a jirgin ƙasa.

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, bene ne. Akwai mutane a ƙasanmu. Kuma turmin Inna ai ya tsage.”

Na tashi na buɗe sabon labulen, na rufe, na sake buɗewa.

Talata: Katampe da Aso

Nasiru ya fita aiki shida da rabi, ya haɗa ni da Tanko, mai gadin rukunin gidajensu. Mutum ne mai shekara hamsin da ɗoriya, manomin doya, ɗan ƙasar. Hausarsa irin ta nan ce, tana tafiya yadda ta ga dama, amma ba ka rasa abin da yake nufi. Oga yake ce mini, na hana shi, ya koma Baba, bayan minti biyar ya dawo Oga.

Muka shiga ƙaramar bas, naira uku, muka sauka a gindin Katampe takwas saura kwata. Wannan dutse ko mai ciwon gwiwa zai hau shi, domin hanya ce aka yi har sama. Minti talatin da biyar muka yi, ban ko jingina da sanda ba. An ce nan ne tsakiyar ƙasar nan, ban auna ba, amma daga samansa kana ganin garin gaba ɗaya kamar a tafin hannu.

In na hau dutse abu uku nake nema a gari: kasuwa, da maƙabarta, da inda hayaƙin girki yake tashi. Daga Dala duk ukun suna gabanka. Daga Olumo rufin kwanon da ya yi tsatsa kaɗai zai gaya maka shekarun garin. Daga Katampe na ga tituna masu faɗi da babu kowa a kansu, na ga ƙubbar babban masallaci tana walƙiya, na ga injinan ɗaga kaya sun fi itatuwa tsayi. Kasuwa na hango ta da ƙyar. Maƙabarta ban gani ba. Na tambayi Tanko inda suke binne mutane, ya ce baƙin nan ba su fara mutuwa sosai ba tukuna, wanda ya mutu kuma gida ake kai shi.

Ban iya zama ba. Na ce mu tafi wancan babban, dutsen Aso, da yake tsugune a gabas kamar giwa. Muka sauko, muka shiga tasi, naira goma, ya kai mu inda zai iya ya tsaya. Muka taka kamar rabin kilomita sai ga shinge. Wani soja, ɗan arewa ne, ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi inda za mu. Na ce sama.

Ya yi murmushi ya ce, “Baba, wannan dutsen yanzu yana da masu shi. A yi haƙuri a koma.”

Muka juya. Sai da muka yi nisa Tanko ya ce yana yaro a gindin dutsen nan suke ɗiban zuma shi da kawunsa.

Laraba: Kubwa

Ruwa ya sauko tun bayan asuba, bai ɗauke ba sai sha ɗaya. Na zauna a falo, na koma ɗaki, na fito baranda. Bilkisu ta kawo shayi, ta kawo ƙosai, ta kunna mini rediyo, yarinyar kirki, duk ta rasa yadda za ta yi da ni. Na sauka matakala na hau sau huɗu, har matar da ke ƙasa ta leƙo ta tambaya ko wani abu na ɓatar.

Da ruwa ya tsaya na tafi kasuwa. Akwai mutanenmu, Kanawa da Katsinawa da Zazzagawa, kowa da sabuwar rumfa. Na zauna wurin wani mai goro na duba hajarsa, na gaya masa wanne ne na Shagamu wanne ne ba shi ba, ya ji daɗi ya ba ni kujera. Amma duk wanda ya zo muka gaisa, tambayarsa ɗaya ce, wace ma'aikata ɗanka yake. A Agege in ka zauna minti goma wani zai ce ya san mahaifinka. Na yi la'asar a wani masallaci na kwano, aka sallame, kowa ya ɗauki takalminsa ya tafi. Na dawo gida na riga na shirya yadda zan ce wa Nasiru a'a ba tare da na ɓata masa rai ba.

Kafin magariba Tanko ya hawo. Ya ce gobe zai raka mahaifiyarsa wani dutse a bayan Dutse Alhaji, inda tsohon garinsu yake, akwai abin da za ta ɗauko. Ya ce dutsen ba shi da wuya, kuma daga samansa ana ganin ruwa. Na ce ƙarfe nawa.

Alhamis: Dutse Alhaji

Shida da kwata muka haɗu a bakin titi. Mama Talatu ake ce mata. Ƙaramar tsohuwa ce, ta girme ni da aƙalla shekara goma, da zane ɗaya da ƙatuwar ƙwarya wadda babu komai a ciki. Na gaishe ta da Hausa ta amsa, na gwada Nupanci ta yi dariya. Ina jin harshe shida, amma a nata ko sannu ban iya ba. Tana jin Hausa, sai dai in maganar ta yi nauyi takan koma Gbagyi, Tanko ya juya mini.

Akori-kura muka shiga, naira biyu, kilomita shida a kan hanyar Bwari. Dutse Alhaji 'yan gidaje ne da shaguna a bakin titi, ana ta aza sababbin tubala ta ko'ina. Muka ratsa ta bayan wani shagon mai shayi, muka bi gonar doya, bakwai saura minti goma muka taka falalen dutse. Nan ta tuɓe takalmanta na roba ta jefa a ƙwarya. Ni na ce nawa na fata ne, da su na hau Jabal Nur. Taku goma na yi santsin ruwan jiya ya ɗauke ni, na zauna daɓas. Tanko ya ce, “Oga, cire shi. Dutsen nan ƙafa yake so. Kuma mu yi sauri kafin rana ta dafa shi.” Na cire.

Ga wanda zai zo bayana, wannan hawa ne mai daɗi. Babu inda za ka kama da hannu, gangare ne mai sauƙi, da 'yan kwaruruka masu ciyawa inda za ka huta. Minti hamsin da biyar muka yi, hutu uku, kuma duk ukun ni na nema. Tsohuwar tana gaba, ba ta waiwaye.

A sama iska ta buge ni, na manta da gwiwata. Ta arewa ga ruwan madatsar Usuma kwance tsakanin tsaunuka, shuɗi, shiru. Ta yamma ga gidajen Kubwa a jere kamar kwalayen ashana. Bayan su fili ne har iyakar gani, da duwatsu ɗai-ɗai a tsaye. Na ga wurare, amma ban taɓa ganin inda fili da dutse da ruwa suka haɗu wa mutum a kallo ɗaya da arhar wahala irin wannan ba.

Mama Talatu ba kallo ta zo ba. Ta ja mu zuwa wani lungu inda duwatsu suke jere a da'ira, Tanko ya ce gindin rumbuna ne. A nan aka haife ta, lokacin da mutanensu suke zaune a sama. Daga baya suka sauka gindin dutse suka yi gari, daga can kuma aka tashe su zuwa Kubwa da aka zo gina birni. Ta nuna mini wasu ramuka a jikin falalen, dogaye, sumul kamar cikin akushi. Goma sha ɗaya na ƙirga. Wurin niƙa ne. Mata ne suka cinye dutsen da hannu, shekara bayan shekara. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunan mai kowanne, ta tsaya a kan na bakwai ta ce na uwarta ne.

Sai ta durƙusa ta zura hannu ƙarƙashin wani dutse har kafaɗa, ta jawo ɗan dutsen niƙan, wanda ake riƙewa a hannu. Tsawonsa bai wuce zira'i ba, gefensa ya lotsa daidai inda yatsu suke kamawa. Tanko ya ce shekara da shekaru ta bar shi a nan, domin wurinsa ke nan, kusa da raminsa. Amma masu fasa dutse sun fara ci ta ɗaya gefen, gwiwarta kuma ta gaya mata baɗi ba za ta hawo ba. Ramin ba ya ɗaukuwa, ɗan kuwa yana ɗaukuwa. Muna cikin haka, ƙarfe tara daidai, aka busa ƙaho daga ƙasa, nakiya ta tashi, na ji ta a tafin ƙafata.

Ta sa dutsen a ƙwarya, ta rufe da ganye, ta sunkuya za ta ɗauka. Tanko ya ɗan matsa gefe yana ɗaure wandonsa. Ni kuwa ina tsaye kusa da ita, ban san lokacin da na ajiye sanda ba. Na ce bismillah, na kama ƙwaryar da hannu biyu, na ɗaga ta sama na nufi kanta.

Ta kauce kamar na kawo mata wuta. Ƙwaryar ta karkace a hannuna, dutsen ya zame, ya bugi falale, ya fara gangarawa. Muna tsaye mu uku muna jin ƙararsa yana tafiya, yana tsalle, har ya yi shiru a wani wuri da ba mu gani.

Maganar ba sa ɗora kaya a ka tana rubuce a littafina, a aljihuna, da hannuna, tun ranar Litinin.

Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin ramin uwarta ta sa hannu a ciki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Tanko ya ce zai duba ta dama, inda gangaren ya fi tsayi, ni in zauna. Yana ɓacewa na bi ta hagu, inda kunnena ya ce ƙarar ta ƙare. A zaune na sauka, ina jan jiki da tafin hannu, rana ta fara gasa dutsen. Kamar kamu arba'in a ƙasa akwai wata tsaga mai ciyawa da ruwan jiya a ciki. Na bi ta ina lalube da ƙafa, minti ashirin, ina tunanin maciji, ina tunanin abin da zan ce mata in ban samu ba. Sai babban yatsana ya bugi abu mai sumul.

Yana nan, sai dai kusurwa ɗaya ta ɓalle kamar girman goro. Matsalar ita ce hawa. Ina bukatar hannu ɗaya in dafa, dutsen kuma ya fi ƙarfin hannu ɗaya. Na gwada hammata ya zame. Na ɗora shi a kafaɗa, na tallafe da hannun dama, na rarrafo da na hagu. Haka kaina ya ɓullo mata, rawani a warware, riga duk laka, dutse a kafaɗa.

Ta dube ni, ta dubi dutsen, sai ta fashe da dariya har tana dukan cinya. Ta ƙwala wa Tanko kira da Gbagyi. Da ya iso ya ce wai ta ce in tsaya haka ya gan ni, Alhaji ya koyi ɗaukar kaya. Ta karɓi dutsen ta shafa wurin da ya ɓalle da babban yatsa, ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce ba komai, gefen da ake niƙa da shi lafiya yake.

Na ba ta haƙuri, na ce na san al'adarsu, an gaya mini, hannuna ne bai sani ba. Na gaya mata shekara talatin kullum da hantsi ni nake ɗora wa matata ƙwaryar fura a ka, ta fita da ita bakin layinmu, kuma shekara biyu ke nan ban ɗora wa kowa ba. Ban yi niyyar in faɗi fiye da haka ba, amma ta tambaya, na faɗa. Kabarin, da turmin, da benen, da amsar da ake jira gobe.

Ta kama hannun rigata ta ja ni bakin dutsen, ta nuna ƙasa, wani wuri da aka share inda motocin ɗiban tsakuwa suke juyawa. Ta ce mijinta yana wajen nan, ita kaɗai ta san daidai ina. Na tambaye ta yadda take iya kwana a Kubwa. Wannan karon ba ta bi ta bakin Tanko ba.

Ta ce, “Shi ya kwanta, ba ya neman ni. Yara ne suna neman ni.” Ta saki hannun rigata. “Mu, mota aka kawo, aka ce ku shiga. Ba wanda ya tambaya. Kai ɗanka yana tambaya, har ya sa maka labule.”

Labulen ni na gaya mata, ban zaci ta riƙe ba. Sai ta ƙara wata magana da Gbagyi, Tanko ya yi dariya kafin ya juya. Wai turmi ba ya zama a bene, wannan gaskiyar yaron ce. Amma gidanta a ƙasa yake, tsakar gidan da faɗi, matar Tanko kuma kullum tana aron turmi a maƙwabta. In kawo shi, za a ɗaure tsagar da fata. In na so jin ƙararsa, tafiyar minti goma ce daga gidan ɗana.

Hukuncina kuwa, ta ce, tunda ni na jefar, ni zan sauke. Haka na sauko daga dutsen nan da ɗan dutsen niƙa a kafaɗa, Tanko riƙe da sandata da takalmana, ita a gaba da ƙwaryarta. Minti arba'in, tafin ƙafata yana ƙuna. Mai shayin bakin titi ya bar abin da yake yi yana kallonmu har muka shiga mota.

Juma'a

Muka yi sallar Juma'a a babban masallaci, ni da Nasiru. A hanyar dawowa ya yi ta zancen tituna da ruwan famfo, yana zagaye tambayar. Da muka zo daidai inda ake hango duwatsun hanyar Bwari na ce ya gaya wa mai motar kayan ya bar wurin akwati biyu, da gado, da turmi. Ya buɗe baki zai yi maganar bene, na ce turmin ya riga ya sami masauki. Na kuma ce duk shekara zan koma Agege in yi sati, kada ranar ta zo a ce mini hanya ba kyau. Ya ce to, Baba. Ya ƙara cewa to, Baba, ya goge ido da bayan hannu, na ce ya dubi titi.

Ban ce garin ya kwanta mini ba. Har yanzu ban ga maƙabartarsa ba, ban kuma sami inda zan zauna bayan la'asar ba.

Asabar: komawa

Na zaɓi ɗaya hanyar don in ga dutsen Zuma. Mun bar Suleja ƙarfe shida, dutsen yana tsaye a gefen titi, kansa cikin gajimare. Wannan ba na hawan tsofaffi ba ne, na gaishe shi ta taga. Bida tara saura kwata, Mokwa sha ɗaya, gadar Jebba sha biyu, Ilori biyu da rabi inda muka yi salla muka ci amala. Shinge tara. Kafaɗata ta dama tana ciwo duk hanya. Na shiga Agege ana kiran isha'i, Malam Isa ya miƙo mukulli yana tambayar yadda na ga Abuja, na ce sai da safe.

Da safen na fara zuwa wurin Hajara na yi mata addu'a, na daɗe a tsaye. Na dawo na jawo turmin daga bayan ƙofa, na kakkaɓe shi, na gwada ɗaga shi, ya ƙi. Sai mutum biyu.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Nasiru da Bilkisu, da Tanko da ya riƙe mini takalma, da Mama Talatu da ta yafe mini kusurwar dutsen uwarta. Ku kuma na bakin masallaci, ƙarshen wata ina neman mutum biyu masu ƙarfi. Malam Isa, mukullin zai dawo hannunka, wannan karon ka miƙa wa mai gida.